Waya Ɗaya Ta Rusa Gada: Me Ya Sa Ɗaliban Sufurin Ruwa Ke Buƙatar Tushen Ilimin Lantarki?

A daren 26 ga Maris, 2024, wani katafaren jirgin dakon kwantena mai suna Dali, mai tsawon kusan mita 300, ya taso daga tashar Baltimore ta ƙasar Amurka. Bai yi nisa ba wuta ta ɗauke a cikinsa, babban injin ya mutu, jirgin ya ƙwace wa matuƙansa ya je ya daki ginshiƙin gadar Francis Scott Key. Gadar ta rufta, ma'aikata shida da ke gyaran hanya a kanta suka rasa rayukansu, kuma sai da aka shafe kusan mako 11 kafin a sake buɗe mashigar tashar gaba ɗaya.

A watan Nuwamba na 2025 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wato NTSB, ta faɗi abin da ta gano. Wata siririyar waya ce guda ɗaya ba ta zauna daidai a mazauninta ba cikin allon rarraba wuta, domin ɗan zoben da ake saƙala wa waya a rubuta lambarta ya hana ta shiga har ƙarshe. Da ta saki, makunni ya buɗe, wuta ta ɗauke. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mun kawo wannan labari ne saboda wata tambaya da ta shafi makarantun horar da ma'aikatan ruwa: shin ɗalibin da ke karatun tuƙin jirgi ko sarrafa harkokin tashar jiragen ruwa yana da buƙatar koyon tushen ilimin na'urorin lantarki, ko kuwa wannan aikin injiniyoyi ne kaɗai? Mu dai a ganinmu yana da buƙata.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa ake dakonsu. Shinkafa, magani da kayan gyaran mota da ke isa Maraɗi ko Yamai sai sun sauka a tashoshi irin su Lome, Tema ko Kwatano, kamar yadda na Cadi ke biyowa ta Duwala. Akwai kuma makarantun da 'ya'yanmu za su iya shiga: jami'ar ilimin sufurin ruwa ta yanki da ke Nungua a Accra, wadda Ghana, Kamaru, Gambiya, Laberiya da Saliyo suka mallaka tare, da takwararta ta ƙasashe masu amfani da Faransanci da ke Abijan, da makarantar Oron a Najeriya.

Mu fara da matuƙi. A yau jami'in da ke tsaye a ɗakin tuƙi allo yake kallo fiye da ruwa. GPS ke gaya masa inda yake, radar da na'urar AIS ke nuna masa jiragen da ke kewaye da shi, taswirar takarda kuma ta ba da wuri ga ta kwamfuta, wadda aka wajabta wa manyan jirage daki-daki tsakanin 2012 da 2018. Duk waɗannan na'urori na iya ba da labarin ƙarya ba tare da sun mutu ba. A watan Yuni na 1995 jirgin fasinja Royal Majesty ya kafe a tudun rairayi kusa da tsibirin Nantucket na Amurka, ɗauke da mutum sama da 1,500. Wayar eriyar GPS ɗinsa ce ta cire. Na'urar ta koma ƙiyasta wurin da jirgin yake ta lissafin gudu da alkibla, ta kuma nuna alamar hakan da ƙananan haruffa a allonta, amma jami'an ba su lura ba. Sama da awa 30 suna bin lambobin, har jirgin ya kauce daga hanya da kimanin mil 17. Wanda ya san cewa sigina daga eriya yake taso wa, ya bi waya, sannan ya isa allo, zai riƙa gwada abin da GPS ya faɗa da na radar da na na'urar auna zurfin ruwa. Wannan buƙata ta ƙaru yanzu da ake yawan samun rahotannin toshe siginar GPS ko gurɓata ta da gangan a Bahar Maliya da mashigin tekun Fasha.

Sai manaja, wanda ke zaune a ofis a bakin tasha. Shi ke sa hannu a kasafin gyara, shi ke yanke shawarar a sayi kayan gwaji ko a jinkirta. A binciken Dali an gano cewa bayan ma'aikata sun maido da wuta, ta sake ɗaukewa, domin famfon da aka sa yana tura wa janareto mai ba don wannan aikin aka tanade shi ba, kuma ba ya tashi da kansa idan wuta ta dawo. Masu binciken sun kuma yi nuni da cewa kyamarar auna zafi za ta iya taimakawa wajen gano sakakkiyar waya tun kafin ta yi ɓarna. Waɗannan lamurra ne na kulawa da kuɗi, kuma manajan da bai san dalilin da ke sa sakakkiyar waya yin zafi ba, da wuya ya ga amfanin kashe kuɗi a kan wannan kyamara. Haka nan a Yunin 2017 harin manhajar NotPetya ya durƙusar da kwamfutocin kamfanin Maersk, ya jawo masa asarar dala miliyan 250 zuwa 300. Daga 1 ga Janairu, 2024 kuma, hukumar sufurin ruwa ta duniya, IMO, ta wajabta wa ƙasashe musayar bayanan shiga da fitar jirage ta kafar intanet guda ɗaya. Aikin ofis ɗin ma ya koma kan na'ura.

Akwai masu cewa ai an riga an magance matsalar, tunda gyaran da aka yi wa yarjejeniyar horar da ma'aikatan ruwa ta STCW a Manila a 2010 ya kafa shaidar ƙwarewa ta musamman ga jami'in lantarki na jirgi. Gaskiya ne, amma yarjejeniyar ba ta ce dole kowane jirgi ya ɗauki wannan jami'i ba. Ko da yana nan, ba shi ke tsaye a ɗakin tuƙi da ƙarfe uku na dare ba, kuma ba shi ke riƙe da kasafi ba. Wasu kuma na cewa manhajar karatu ta riga ta cika, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wannan magana tana da nauyi, shi ya sa yadda za a koyar ya fi yawan abin da za a koyar muhimmanci.

Bai kamata a ɗauko darasin injiniyoyi a raba shi biyu a miƙa wa waɗannan ɗalibai ba. Abin da suke buƙata kaɗan ne, amma sai ya zauna: dokar Ohm da dangantakar ƙarfin wuta, gudunta da turjiyar waya, aikin fis, makunni, batir da transfoma, yadda na'ura ke juya zafi, zurfi ko gudu zuwa lamba, da sanin abin da zai ci gaba da aiki idan babban janareto ya mutu. Kowane darasi a ɗaure shi da rahoton haɗari na gaskiya, tunda irin waɗannan rahotanni suna nan kyauta a intanet. A kuma ba ɗalibi mitar gwajin wuta a hannunsa, malami ya sassauta waya ɗaya da gangan, ya ce a nemo ta. Wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Manufar ita ce ɗalibi ya iya gane lokacin da ya kamata ya yi shakkar allo, ya kuma iya yi wa injiniya bayani daidai, ba wai ya kwance na'ura da kansa ba.

Ga ɗalibanmu na sakandare da ke sha'awar wannan fanni, shawararmu ita ce ku riƙe lissafi da kimiyyar fiziks da kyau, kuma kada ku raina zama a shagon mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola a lokacin hutu. Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗin makaranta, ku tambaya ko ana koyar da wannan darasi da hannu ko kuwa a kan allo kawai, kuma ko shaidar da ake bayarwa ta dace da ƙa'idar STCW. Rayukan mutane da dukiyarsu amana ce a hannun duk wanda aka ba jirgi ko tasha, kuma riƙon amana sai da sanin aiki. Allah ya sa mu dace.