Yini Guda a Fadar Balbela

Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Japan, birnin Himeji da ke lardin Hyogo, wanda matafiyin da ya tashi daga Osaka da hantsi, idan ya shiga jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu da suke kira Shinkansen, cikin kimanin rabin sa'a zai isa. Da fitarsa daga tasha, tun bai tambayi kowa hanya ba, zai hangi tsohuwar fadar birnin a ƙarshen wani miƙaƙƙen titi mai tsawon kusan kilomita guda, fara fat bisa tudu, rufinta hawa-hawa tamkar tsuntsu mai shirin tashi, wanda saboda haka ne mutanen ƙasar suka yi mata laƙabi da Shirasagi, wato balbela.

Wanda ya gina ta a siffar da take a yau shi ne Ikeda Terumasa, surukin jagoran yaƙi Tokugawa Ieyasu. Ikeda ne aka ba mulkin yankin bayan yaƙin Sekigahara na shekarar 1600, ya fara aiki a 1601, bai gama babban soron ba sai 1609. Duk wanda ya bi ƙofofinta da ƙafa zai gane cewa da hikimar yaƙi aka tsara ta, domin hanyar takan yi kamar za ta kai mutum soro, sai ta karkace ta juya masa baya, alhali kuwa ta kowane gefe akwai kafofi a bango, wasu da'ira, wasu masu kusurwa uku, wasu huɗu, inda maharba za su laɓe da kibiya ko bindiga. Abin al'ajabi, duk wannan tanadi ba a taɓa gwada shi a fagen yaƙi na gaske ba.

A bakin soron baƙo zai tuɓe takalmi ya riƙe a leda, ya hau matakalar katako mai tsayuwa ƙwarai, hawa shida ban da ɗakin ƙasa, ko da yake mai kallo daga waje biyar yake gani. Manyan ginshiƙai biyu ne ke ɗauke da ginin. Daga can sama zai ga birni sabo, gama a watan Yuli na 1945 jiragen Amurka sun ƙone mafi yawan tsohon birnin, amma da ikon Allah fadar ta tsira, kamar yadda ta sake tsira daga girgizar ƙasa ta 1995.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗawainiya. Farin nan da ake yabo yaɓen farar ƙasa ne da aka yi don tsare katako daga gobara, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa yaɓe ba ya yafe wa mai sakaci. Daga 1956 zuwa 1964 magina sun kwance babban soron suka mayar da shi yadda yake, sa'an nan daga 2009 zuwa 2015 suka sake gyara rufi da yaɓe, bisa ƙa'idar magina na da. A tsakanin waɗannan ayyuka biyu, a 1993, hukumar UNESCO ta sa fadar cikin kayan tarihin duniya.

Kafin baƙo ya gangara lambun Kokoen da ke gefen fadar ya huta da la'asar, ya kamata ya nemi wani ɗan dutse da aka tsare da ragar waya a jikin bango. Dutsen niƙa ne. Ruwayar mutanen gari ta ce sa'ad da Toyotomi Hideyoshi, wanda ya riga Ikeda gini a wurin, ya rasa duwatsu, sai wata tsohuwa matalauciya mai sayar da wainar shinkafa ta kawo masa dutsen da take niƙa da shi, labari ya bazu, jama'a suka yi ta kawo nasu. Har yau da sunanta ake kiransa, dutsen tsohuwa.