Shafin intanet ma kayan aiki ne, a saka shi a akwatin ɗan koyo

Tun da gwamnati ta ƙaddamar da shirin koya wa matasa miliyan ɗaya rubuta manhajar kwamfuta a watan Afrilun 2025, zaurukan WhatsApp na zangunanmu suka cika da kiran a je a yi rajista. Abin a yaba ne, kuma duk wanda ya samu gurbi ya riƙe da hannu biyu. Sai dai in ka tambayi yawancin yaran me za su yi da ilimin bayan sun gama, amsar kusan iri ɗaya ce: a samu wani kamfani a Turai ko Amurka, a riƙa yi masa aiki daga ɗaki ana karɓar dala. To, Allah ya ba da sa'a. Amma wannan ƙofa ƙarama ce, kuma matasan duniya kaf ne suke turereniya a bakinta.

Akwai wata ƙofar da take a buɗe kusa da gida, ba kowa ke kallonta ba. Ku leƙa Suame Magazine a Kumasi, ko Abossey Okai a Accra, ko garejin fitoci da shagunan walda na Tamale da Ashaiman. Nan ne 'ya'yanmu da yawa suke cin abinci, kuma nan ne aiki yake kukan neman wanda ya iya lissafi da ajiye bayanai. Ra'ayina shi ne makarantun koyon sana'a su koya wa ɗalibin wayarin, da na walda, da na gini, da na kanikanci yadda ake gina shafin intanet, kuma a koyar da shi a cikin darasin sana'ar tasa, a ɗauke shi kamar yadda ake ɗaukar sifana da filaya.

Da yawa in sun ji an ce shafin intanet, tunaninsu ya tafi wajen hotuna da talla. Asalin abin ba haka yake ba. A 1989 Tim Berners-Lee ya kawo tsarin a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva, domin masana da injiniyoyi su riƙa musayar bayanan aikinsu. Wato tun fil azal kayan masu aiki ne. Abubuwa uku ake haɗawa a gina shafi. HTML shi ne ƙashin ginin, shi ke faɗin inda take yake da inda akwatin shigar da lamba yake. CSS shi ne filasta da fenti. JavaScript kuma shi ne injin da ke yin lissafi in an danna maɓalli. Ukun nan duk kyauta ne, babu lasisin da za a saya. Kuma shafin da aka rubuta aka ajiye a waya zai buɗe ya yi aikinsa ko da babu data, tunda lissafin a cikin wayar yake gudana.

Bari mu sauko ƙasa da misali. Mai shago ya kira yaro ya sa masa sola. Yana da firij mai cin wat 150 da ke aiki kamar awa 10 a rana, da ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa 6, da fanka mai wat 60 ta awa 8. In ka tara, abin da shagon ke sha a rana ya kai 2,340 na ma'aunin wat a awa. A ƙaddara ana samun rana mai ƙarfi ta awa 5, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na wutar yana salwanta a waya da batir da inbata. Lissafi zai ba ka wat 624, ka ga faranti biyu masu wat 350 sun wadatar. Wannan lissafi ne da ɗalibin shekarar farko zai iya mayarwa shafi a mako biyu: a shigar da kaya, a shigar da awanni, amsa ta fito a gaban mai shago. Yau fa yaya ake yi? Sau da yawa kintace ne. A sa abin da bai isa ba, bayan wata uku batir ya mutu, mai shago ya ce an cuce shi, a yi ta kai ruwa rana har gaban sarkin zango.

Haka abin yake a wayarin. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5 da aka ja mita 30 tana ɗauke da amfiya 20, za ta zubar da kusan bolt 8 daga cikin 230 da muke amfani da shi a Ghana. In nisan ya ninka ya zama mita 60, asarar ta doshi bolt 17, injin jan ruwa ya riƙa zafi yana nishi har ya ƙone. Ɗan koyon da ya zauna ya rubuta wannan ƙa'ida da hannunsa a JavaScript ba zai manta da ita ba, don kwamfuta ba ta karɓar "kamar haka dai". Sai ka faɗa mata komai dalla-dalla, kuma ba ka iya faɗa mata abin da kai kanka ba ka gane ba.

Mai gini da mai lanƙwasa rodi su ma suna da nasu. Nauyin rodi a kowace mita shi ne kaurinsa sau kaurinsa a raba da 162. Rodi mai milimita 12 zai ba ka kilo 0.89, mai 16 kuma kilo 1.58. Shafin da zai karɓi tsawo da faɗin dakali ya fitar da adadin rodi, da nauyi, da kuɗi a sidi, zai raba birkila da mai gida da zargin da ya daɗe yana ɓata zumunci, wato wai an yi sama da faɗi da kaya.

Abin bai tsaya a lissafi ba. Injuna da yawa na zamani ta shafi ake magana da su. Inbatocin sola da dama, da na'urar rarraba intanet, da kyamarorin tsaro, duk sai ka buɗe shafinsu kafin ka saita su. Akwai wani ɗan allo mai suna ESP32, bai kai akwatin ashana biyu ba, yana da Wi-Fi a jikinsa kuma yana iya ɗaukar ƙaramin shafi. A haɗa shi da na'urar auna zurfin ruwa a ɗora a kan tankin masallaci, ladan zai duba wayarsa ya ga inda ruwa ya kai, injin ya kashe kansa in tanki ya cika. Masallatai nawa ne a unguwanninmu ruwan bohol ke malala a titi don an manta ba a kashe famfo ba, alhali kuɗin wutar daga aljihun jama'a yake fita? A ɓangaren mota kuma, tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa ta binciken lafiyar inji, kuma motocin hannu da yawa da ke shigowa ta tashar Tema daga can suke. Fitan da ya saba da allon kwamfuta zai karanta abin da motar ke faɗa. Wanda bai saba ba sai ya yi ta canza kaya har ya dace, mai mota na biya. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu na da nauyi. Na farko su ce Facebook da WhatsApp sun isa. Sun isa wajen talla, ba musu. Amma Facebook ba zai lissafa maka kaurin waya ba, ba zai tuna maka ranar da ka canza wa kwastoma mai ba, kuma ranar da aka rufe maka asusu, hotunan aikin shekara biyar sun tafi ke nan. Gidan haya ne, mai gida na iya cewa ka tashi ba tare da sanarwa ba.

Na biyu su ce yanzu ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT tana rubuta shafi cikin minti ɗaya, to wahalar ta mece ce? Wannan ai hujja ce a gare mu. Rubutun ya yi sauƙi, saura sanin ko abin da aka rubuta daidai ne. Na'ura na iya ba ka shafi mai kyan gani alhali ta manta cewa wuta zuwa take yi ta dawo, don haka tsawon waya sau biyu ake ƙirga shi. Wanda ya karanta kwamfuta zalla ba zai lura ba. Mai wayarin da ya iya karanta abin da aka rubuta zai kama kuskuren nan take. Darajar tana hannun wanda ya haɗa biyun.

Na uku shi ne maganar da iyaye ke yi a ɓoye: yaro da laftof a ɗaki, tsoron sakawa. Kada mu yi kamar ba mu san zancen ba. Kalmar da duk Ghana ke kiran damfarar intanet da ita daga harshenmu aka ɗauke ta, kuma tabon ya shafi zango, da mai laifi da marar laifi. Tsoron iyaye na da dalili. Amma hana yaro taɓa kwamfuta bai taɓa hana shi ba, wayar tana aljihunsa dare da rana. Abin da ke kai yaro ga damfara shi ne ya iya abu amma bai san inda zai sayar da shi ta halal ba. Wanda ya san cewa shafinsa na lissafin sola zai kawo masa kwangilar shago uku a wata, yana da abin da zai yi asara in ya ɓata sunansa. Malamanmu da ke wa'azi a kan cin haram su ƙara da nuna ƙofar halal, don faɗa kaɗai ba ya cika ciki.

Na huɗu, rashin kayan aiki: kwamfutoci kaɗan, data da tsada, ga dumsor in ya motsa. Gaskiya ne. Sai dai wannan darasi bai buƙatar manyan na'urori. Tsohuwar laftof ta wadatar, yara uku na iya raba ɗaya, a gwada aikin a waya. Da babu gara ba daɗi.

Akwai haɗari ɗaya da ni kaina nake ganin ya fi waɗannan duka. Shafin da ke ɗauke da lissafin kuskure ya fi jahilci illa, domin mutane na yarda da abin da allo ya nuna, kuma a tura shi a WhatsApp ya zagaya gari a yini ɗaya. Kuskuren wayarin gobara ce, kuskuren rodi rushewar gini ce. Saboda haka kada a bar ɗalibi ya saki shafi sai malamin sana'ar ya gwada shi da lissafin takarda, kuma a rubuta a jikinsa ƙa'idar da aka bi. Shafi ba ya maye gurbin lasisi. Dokar wayarin ta 2011 ta ce sai wanda Hukumar Makamashi ta ba shaida ne zai yi wa gini wayarin, kuma haka ya kamata ya ci gaba.

To wa zai ɗauki nauyi? Tsarin hukuma yana nan. A 2016 aka yi dokar mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i. A 2020 aka yi dokokin da suka kafa hukumar CTVET mai tsara manhajar karatu da jarrabawa, da kuma hukumar da ke gudanar da makarantun sana'a na gwamnati. Abin da ake nema daga gare su ba sabon gini ba ne. A zaunar da malamin kwamfuta da malamin sana'a a teburi ɗaya, su tsara aiki guda da ɗalibi zai gabatar kafin ya fita: ga abin da na ƙera da hannuna, ga shafin da ya lissafa shi ko yake lura da shi. In aka bar darasin a ɗakin kwamfuta shi kaɗai, yaro zai haddace ma'anar HTML ya rubuta a jarrabawa, ya fito bai san abin da ya haɗa ta da injin walda ba.

Yawancin yaranmu kuma ba sa bi ta makaranta, wajen masta suke koyo. Su ma kada a bar su a baya. Tun 1980 jami'ar KNUST ta kai cibiyar fasaha cikin Suame don ta sami masu sana'a a inda suke, ba ta jira su zo mata ba. Irin wannan tunani muke buƙata. Ƙungiyoyin matasan zango, da kwamitocin masallatai, da Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, za su iya buɗe ajin yamma a ɗakunan makarantun Islamiyya da ke zama a kulle bayan la'asar. Awa biyu, sau biyu a mako. Masta ya saki yaro da wuri a waɗannan ranaku, kuma kada ya ji kishi in yaron ya dawo da abin da shi bai sani ba, ai ribar shagonsa ce. A sa 'yan mata a sahun gaba, domin lissafin kaya da tsara farashi da lura da sola aiki ne da mace za ta yi ta ci riba, ko tana shago ko tana gida.

Iyayenmu sun zo ƙasar nan da fataucin goro da shanu, suka kafa zanguna da amana da iya lissafi. Abin da ya sa aka yarda da su shi ne in sun faɗi lamba, lambar ce. Yau lambar a allon waya ake son ganinta. Uban da zai kai ɗansa wajen masta a bana, bayan ya sayi akwatin kayan aiki, ya tambaya a ina yaron zai koyi wannan ɗin ma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka.