Ba yawan ambato kaɗai ne ma'aunin masani ba

A yau idan za a auna darajar mai binciken kimiyya, sai a ƙidaya sau nawa sauran masana suka ambaci rubutunsa. Ma'auni ne mai amfani, amma bai isa ba.

Ku dubi Peter Mitchell, masani ɗan ƙasar Ingila. Cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya. Nan ne abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa suke zama ƙarfi. A 1961 Mitchell ya bayyana yadda suke wannan aiki, amma manyan masana da yawa suka ƙi maganarsa. Bai karaya ba, ya ci gaba da bincike a wani gida na karkara, har a 1978 aka ba shi kyautar Nobel. Da ƙidaya aka bi tun farko, da an yar da shi.

Wannan ilimi ya shafe mu a Arewa. Dafin rogo mai ɗaci, wanda ba a jiƙa sosai ba, waɗannan murahu yake kashewa. Idan ɗan Dogon Dutsi ko Tibiri ya ba da shekarunsa ga binciken rogon Dallol Mawri, matan karkara ne za su amfana, su kuwa ba su rubutu cikin mujallun Turai.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da shugabannin Jami'ar Abdu Mumuni da ta Dosso: ku ba matasan masana kayan aiki da lokaci, ku auna su har da amfanin da talaka ya samu. Gero ba ya nuna ranar da aka shuka shi.