Man "uku-a-ɗaya" na ɓoye cuta, mu kuma muna sayarwa

Maganar yau da 'yan'uwanmu masu kemis da masu tallan magani a faranti muke, kuma ba kwana-kwana. Duk wanda ya zo muku da ƙaiƙayi a matsematsi, ko cin ruwa a tsakanin yatsu, ko gindin farce ya kumbura, amsarku ɗaya ce: ku miƙa masa man nan da ake kira uku-a-ɗaya, ku karɓi kuɗi. Wannan ba taimako ba ne, cutarwa ce.

Cikin ƙwayoyin da ke kawo irin wannan ƙaiƙayi akwai wadda likitoci ke ce wa kandida, dangin yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi. Tana jikin mutane da yawa, ba ta damun su, sai ta sami wuri mai ɗumi da laima sannan ta yaɗu: hammata, ƙarƙashin nono, naɗin tumbi, tsakanin yatsu. To a nan kurmi ina aka rasa laima? Damina ta fi wata shida, riga ba ta bushewa a igiya. Mai shayi hannunsa na cikin ruwa tun asuba, haka mai wanki, haka matan da ke tuwon sayarwa. Ɗan acaba kuwa ƙafarsa na cikin takalmin roba har dare. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba jifa aka yi wa kowa ba.

Shi man uku-a-ɗaya, a cikinsa akwai maganin ƙwayar, gaskiya ne. Amma an haɗa shi da wani sinadari mai ƙarfi, ku duba jikin kwalin za ku ga an rubuta betamethasone ko clobetasol. Aikinsa shi ne ya kwantar da ja da ƙaiƙayi, yana kuma kwantar da garkuwar fatar a wurin. Kwana biyu mutum ya ji sanyi ya ce ya warke, alhali ƙwayar tana nan tana faɗaɗa. Ya daina shafawa abu ya dawo, ya sake saye. Wata da watanni fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, ƙaramin ƙarce sai ta tsage. Wasu har jarirai suke shafa wa a wurin kunzugu. Haba jama'a!

Mun san abin da za ku ce. "Ai yana aiki, ga shi mutane na dawowa." Mu ma 'yan kasuwa ne, mun san daɗin abokin ciniki mai dawowa. Amma wanda ya dawo sayen magani ɗaya sau biyar a kan ciwo ɗaya, ai shaida ce bai warke ba. Za ku ce akwai lambar NAFDAC a jiki. Lamba tana nuna an yi wa magani rajista ne, ba ta ce ya dace da kowane ƙaiƙayi ba. Kuma duk mun sani, a ciniki ba ya halatta ka ɓoye aibin kaya ga mai saye.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ma ba fatar ba ce. Irin wannan ciwo idan yana tafiya yana dawowa, musamman ga wanda ya haura arba'in, yana iya zama alamar ciwon suga, don ƙwayar tana samun ƙarfi idan suga ya yi yawa a jini. Mai suga kuma ƙafarsa na iya daina jin zafi, ƙaramar tsaga a tsakanin yatsu ta zama gyambo bai sani ba, daga nan sai maganar yanke yatsa ko ƙafa. Kai da ka yi shekara kana ba shi man shafawa, ka rufe masa ƙararrawar da ke gargaɗinsa. Gwajin nan ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, da safe kafin a karya. Me zai hana ka ce masa, "Baba, je ka a auna ka tukuna"?

Farce kuwa ba ya son gaggawa. Na hannu yakan ɗauki kusan wata shida kafin sabo ya maye gurbinsa, na ƙafa shekara ko fiye. Wanda ya ce maka zai gyara shi a mako ɗaya, kuɗinka yake so. Idan ya kai ga shan ƙwaya, likita ne zai rubuta, don wasu suna taɓa hanta, wasu ba su dace da mai ciki ba. Yaranmu masu yankan farce, ku daina ƙwaƙule fatar gindin farce don a ce kun iya aiki. Ita ce murfin da ke hana ruwa da ƙwaya shiga.

Mu ma a masallatai da sauran gyara. Muna tsattsefe yatsu a alwala, daidai ne, amma sai mu zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa da takalmi, sau biyar a yini. A goge tsakanin yatsu su bushe. Buhunan da ake shimfiɗawa a bakin wurin alwala, a riƙa fitar da su rana.

Masu kemis, ku ajiye man da aka rubuta clotrimazole shi kaɗai, ba gauraye. A wanke wurin, a busar, a shafa safe da yamma na mako biyu zuwa huɗu, ko da ƙaiƙayin ya lafa tun farko. Idan mako biyu ya wuce ba sauƙi, ko akwai mugunya, ko mai ciwon yana da suga, ku tura shi asibiti ranar nan.