Babu Nakasasshe Sai Kasasshe: A Buɗe Wa Masu Keken Hannu Titin Abuja



Duk lokacin da aka tayar da maganar sanya masu lalurar jiki cikin tseren keke na kan titi a nan Abuja, amsa ɗaya ake bayarwa: wai ba su da ƙwarewa, kuma abin akwai haɗari. Mu dai mun gaji da jin wannan amsa. A ina ake so su samo ƙwarewar? A kasuwar Wuse ake sayar da ita? An hana mutum tsere saboda bai ƙware ba, alhali ba zai taɓa ƙwarewa ba sai ya yi tseren. Wannan rufe ƙofa ne da sunan tausayi.

Duk wanda ya san tseren titi ya san ƙarfin jiki kaɗai ba ya cin gasa. Wanda ya laɓe a bayan 'yan'uwansa cikin ayari iska ba ta dukansa sosai, yana iya adana kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Sanin lokacin laɓewa da lokacin ɓallewa, da shan kwana kafaɗa da kafaɗa da wasu, da rabon ƙarfi don kada ya ƙare kafin hawa, duk a cikin tsere ake koyonsu. Mai lalura kuma yana da ƙarin darasi. Mai hannu ɗaya sai ya saba da birki biyu a gefe guda. Mai keke mai taya uku ba ya iya karkata a kwana kamar mai taya biyu, dole ya san iyakar gudun da zai shiga da shi. Mai keken hannu yana kwance dab da ƙasa, abin da yake gani daban ne. Babu mai koyon wannan shi kaɗai a cikin layin unguwa.

Kada kuma wani ya ce mana sabon abu ne. Tun 1984 ake tseren keke a wasannin Olamfik na nakasassu. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta raba masu gasa rukuni-rukuni: H1 zuwa H5 na masu keken hannu, T1 da T2 na masu taya uku, C1 zuwa C5 na masu iya hawa keke irin na kowa, sai B na makafi da ke hawa tare da ɗan jagora. Sarah Storey ta Ingila, wadda aka haifa da hannun hagu da ba ya aiki, ta goge ne a cikin gasa da masu cikakkiyar lafiya, yau tana da zinare 19. Alex Zanardi na Italiya ya rasa ƙafafu biyu a haɗarin tseren mota a 2001, ya koma keken hannu, ya ci zinare biyu a Landan a 2012.

Maganar haɗari gaskiya ce, ba mu musanta ba. Zanardin nan ya yi karo da babbar mota a 2020 a kan titin da ba a rufe wa ababen hawa ba, ya ji mummunan rauni. To mene ne darasin? A rufe titi lokacin tsere. Abuja kuwa ta fi kowane gari sanin yadda ake rufe titi. Idan za a yi biki a Dandalin Eagle, Titin Shehu Shagari shiru yake yi. Idan babban baƙo zai wuce, kowa sai ya tsaya. Ashe sa'o'i biyu na safiyar Asabar sau ɗaya a wata ne za su gagara?

Mu duba abin da waɗannan bayin Allah suka yi wa ƙasar nan. A Landan a 2012, 'yan wasanmu masu lafiya sun dawo hannu rabbana, nakasassu suka kawo lambobi 13. A Rio a 2016, masu lafiya tagulla ɗaya, nakasassu lambobi 12, takwas daga ciki zinare. A Faris a 2024 ma haka: babu ko ɗaya a can, bakwai a nan. Yawanci a ɗaga nauyi aka samo su, wato wasan ƙarfin hannu da ƙirji. Wannan ƙarfin shi keken hannu yake nema, amma har yau ba mu da lambar tseren keke ko ɗaya a wasannin. A Faris ɗin ma, Ese Ukpeseraye, wadda lafiyarta ƙalau, sai da Jamusawa suka ara mata keke. Idan haka mai lafiya ta sha, ina ga gurgu?

Abin takaici, mu 'yan Arewa mun fi kowa yawan waɗanda suka dace da wannan wasa. Shan inna ta bar mana dubban matasa da ke tura keken guragu da hannu kilomita da yawa kullum a cikin rana. Da yawansu suna zaune a Karonmajigi, ba nisa da Filin Wasa na Moshood Abiola, inda aka gina filin tseren keke tun wasannin Afirka na 2003. Daga cikinsu Misbahu Lawan Didi ya fito da ƙwallon guragu, har ta zama wasa mai hukuma. Amma mu abin da muka iya shi ne a tara su a raba buhun shinkafa a ɗauki hoto.

Don haka ga abin da muke nema. Hukumar Birnin Tarayya da Hukumar Kiyaye Haɗurra su ware 'yan kilomita da za a riƙa rufewa sau ɗaya a wata. Hukumar tseren keke ta ƙasa ta sa rukunin masu lalura a kowace gasar titi, ta kawo masu tantance rukuni. A fara ko da keken guragu ne a nasa ajin, domin da babu gara ba daɗi. Wannan ba alfarma ba ce: dokar hana wariya ga nakasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 tana nan da ranta.

Mu ma akwai namu. Attajiranmu su sayi keken tsere ko guda biyu a riƙa karɓa-karɓa. Masu walda da gyaran keke su sa hannu. Matasanmu su tsaya a mahaɗar tituna ranar gasa. Iyaye kuma su daina ɓoye 'ya'yansu a ɗaki. Ranar Keke ta Duniya, 3 ga Yuni, muna so mu ga 'yan'uwanmu a layin tashi da lamba a ƙirji. Wani zai zo na ƙarshe, wani tayarsa za ta fashe. Haka kowane gwani ya fara, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya sa mu dace, amin.

Sakataren Ƙungiya