Sharhi: Wace Linux Ce Ta Dace Da Ɗan Koyo A Birnin Kudu Da Gwaram?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa manhajar Windows 10. Wannan mataki ya shafi mai shagon buga takardu a Birnin Kudu da ma'aikacin ƙaramar hukuma a Gwaram kai tsaye, domin da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da suke aiki da su ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Shi ya sa hankali ke karkata ga Linux, manhajar da ake samu kyauta, wadda kuma ke tafiya lafiya a kan tsohuwar na'ura.

Sai dai Linux iri-iri ce. Akwai masu sauyawa kullum, irin su Arch Linux da openSUSE Tumbleweed, waɗanda ke tura sabon gyara da zarar ya fito. Akwai kuma masu tafiyar hawainiya, irin su Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22, waɗanda za a ci gaba da kula da tsaronsu har 2029 ba tare da an sauya musu fasali ba.

Rukunin farko na da farin jini wajen gwanaye, amma yana da tsada ta wata fuskar. Yawan sabuntawa na cin data, alhali a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin sadarwa. Idan batir ya mutu ana tsakiyar sabuntawa, kwamfuta na iya ƙin tashi. Su kansu masu Arch sukan sanar cewa wani gyaran sai mutum ya sa hannu da kansa. Wanda ke Gwaram, idan abin ya cije, ƙila sai ya ɗauki na'urarsa zuwa Dutse ko Kano, ga kwastomomi na jira. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Saboda haka ɗan koyo ya fara da Mint ko Ubuntu. Ya gwada ta daga filasha kafin ya goge komai, ya tabbatar firintarsa na aiki, ya adana takardunsa a wani wuri. Ya kuma sani cewa CorelDRAW ba ta da sigar Linux, don haka mai zana katin biki ya yi lissafi tukuna. Arch kuwa ta jira har hannu ya faɗa.