Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin al'ummar Hausawa a Birtaniya



Ina roƙonku ku tuna da matasan magidantan da suka iso bana, waɗanda wannan ne hunturunsu na farko a nan. A Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma. Makarantu suna hutun kusan mako biyu, ranar 25 ga wata kuwa ba bas, ba jirgin ƙasa, manyan kantuna a kulle. Maigida yana aikin dare, uwargida tana ɗaki da ƙananan yara, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta gaishe ta, kuɗin ɗumama gida kuma yana cinye albashi. Wata sai ta yi kwanaki ba ta yi hira da babba ba sai ta waya.

Kada zumuncinmu ya tsaya a taron Sallah. Ku kama hayar zaure cikin hutun nan, a tuƙa tuwo, yara su yi wasa, masu mota su ɗauko marasa ita. Kowane tsohon iyali a ba shi sabon gida ɗaya ya riƙa dubawa har sanyi ya wuce. A gayyato 'yan'uwanmu Kiristoci ma, domin wasunsu bana za su fara Kirsimeti nesa da dangi.

Wassalam.